Abin da Wasan Golf Ke Nema a Jikin Mai Buga Shi

Shekaru kaɗan da suka wuce, a tsakiyar hunturu, aka dawo da wani kawuna gida Maraɗi a kishingiɗe a kujerar bayan mota, yana dafe da kwankwaso, ba ya iya miƙewa sai an tallafe shi. Ɗan kasuwa ne mai safarar aya da wake zuwa Kano, kuma a can ne abokan hulɗarsa suka koya masa wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ranar da abin ya faru ya bar gida bayan sallar asuba, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ya shafe sa'o'i a zaune, yana isa filin wasa ya sauko daga mota, ya zaro sanda mafi tsawo a cikin jaka, ya kai wa ƙwallo bugu da iyakar ƙarfinsa don kada abokai su ga gazawarsa. Ƙwallon ta tafi, shi kuwa ya durƙushe. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, sannu da jiki, yaya aka yi haka?" Sai ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "Kai dai bari, ɗana. Na yi ƙuruciyata ina ɗora buhu a ka bai kayar da ni ba, yau ga abin da bai fi ƙwan zabi ba ya kwantar da ni."

Kawu bai yi ƙari ba a kan ƙanƙantar ƙwallon, domin dokar wasan ta hana nauyinta ya wuce giram 45.93, ta kuma hana faɗinta ya gaza milimita 42.67, ramin da ake neman jefa ta a ciki kuwa faɗinsa milimita 108 ne. Kuskurensa yana wajen zaton da akasarinmu muke yi idan mun hango wasan a talabijin, cewa shaƙatawa ce ta masu hannu da shuni, a taka a hankali a kan ciyawa ana hira, a ɗan taɓa ƙwallo, a koma inuwa. Alhali wasan yana neman abubuwa biyu masu saɓani daga jiki guda. Na farko doguwar tafiya ce ta sa'o'i huɗu zuwa biyar wadda ke cin mutum a hankali, na biyu kuwa wani motsi ne na farat ɗaya, wanda ba ya cika sakan biyu amma yana tattara ƙarfin jiki kaf ya murɗa shi ta gefe guda. Wanda ya shirya wa ɗaya ya manta da ɗayan, ko dai ya galabaita kafin a kai rami na ƙarshe, ko ya dawo gida yadda kawu ya dawo.

Batun tafiyar ya fi sauƙin fahimta. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma idan aka haɗa tsawonsa da kai-komon neman ƙwallo da tazarar da ke tsakanin kowane rami da mafarin na gaba, mai wasa yakan taka kilomita 8 zuwa 10, abin da ya kusa kai mutum Tibiri daga Maraɗi. Idan shi ke saɓe da jakarsa, wadda doka ta yarda a zuba wa sanduna har 14, to yana tafe da wasu kilo 10 a kafaɗa. An taɓa kai wannan magana har Kotun Ƙolin Amurka, lokacin da wani ɗan wasa mai suna Casey Martin, wanda aka haifa da lalurar hanyoyin jini a ƙafarsa ta dama, ya nemi a bar shi ya hau ƙaramar motar fili a gasar ƙwararru. Hukumar gasar ta ƙi, manyan gwanaye irin su Jack Nicklaus da Arnold Palmer suka ba da shaida cewa gajiyar tafiya tana cikin jarrabawar wasan, amma a shekarar 2001 alƙalai bakwai cikin tara suka ba Martin gaskiya. Ko da yake hukumar ta faɗi a shari'ar, hujjarta ba ta rasa tushe ba, domin kowane mai wasa ya san cewa bugun da ke lalacewa a rami na 15 sau da yawa ƙafafu ne suka fara sarewa kafin hannu ya kuskure.

Motsin bugun ne ke buƙatar a tsaya a kansa. Daga lokacin da sanda ta bar gefen ƙwallo ta koma baya har ta dawo ta same ta, kimanin sakan ɗaya ne, kuma saukowar kaɗai ba ta wuce rubu'in sakan ba sai da ɗan kaɗan. A cikin wannan ƙiftawar ido, kan doguwar sandar ƙwararren ɗan wasa yana tashi daga tsayuwa cik ya kai gudun sama da kilomita 180 a awa, na matsakaicin mai wasan sha'awa kuwa yakan kai wajen 150. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Babu damtsen da zai iya haifar da irin wannan gudu shi kaɗai, komai kaurinsa, kuma nan ne sabon mai koyo ke fara ɓacewa, domin idonsa yana ganin hannu ne ke riƙe da sanda, sai ya ɗauka a can ƙarfin yake.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa, ko ya ga makiyayi ya kaɗa bulala ta yi ƙara, ya riga ya san sirrin ko da bai san sunansa ba. Mariƙin bulala ba ya gudu sosai, amma idan ya tafi ya tsaya kwatsam, sai motsin ya bi tsawon bulalar yana ƙaruwa har ya fashe a bakinta. Haka jikin mai golf yake. Tafin ƙafa ne ke fara danna ƙasa, ƙugu ya juya zuwa inda ake nufi, sannan ya rage gudu ya miƙa wa ƙirji, ƙirji ya miƙa wa hannu, hannu ya saki sanda a ƙarshe. Cibiyar nazarin jikin ƴan golf ta kamfanin Titleist, wadda Greg Rose da Dave Phillips suka kafa a Kalifoniya a 2003, ta yi suna wajen auna wannan jeri da na'urorin da ake maƙala wa ɗan wasa, kuma abin da take koyarwa shi ne cewa gwanaye sun sha bamban a fasalin bugunsu, wani kamar rawa wani kamar sara, amma a saukowar sanda galibinsu jeri ɗaya suke bi: ƙugu, ƙirji, hannu, sanda. Abin lura a nan shi ne cewa tsayawar kowace gaɓa tana da muhimmanci kamar tafiyarta. Ƙugun da ba shi da ƙarfin taka birki ba zai iya miƙa komai ga ƙirji ba.

Na fi gane wannan da na tsaya kallon wani dattijo mai faskare a unguwarmu. Siriri ne, damtsensa bai kai na samarin da ke ɗaga ƙarfe ba, amma gungumen da saurayi zai sara sau goma shi sau uku ya ishe shi. Yakan ware ƙafafu ya kafa su, ya ɗan sassauta gwiwa, ya bar gatari ya hau sama da nauyin kansa, kuma kafin gatarin ya gama hawa ƙugunsa ya riga ya fara saukowa, hannayensa a sake kamar igiya, ba ya damƙe ƙota da ƙarfi sai dab da sara. Ƴan kokowa ma haka suke. A filin kokowar Maraɗi, wanda ke ɗauke da sunan Kantu, gwarzon da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, babu mai kayar da abokin karawarsa da hannu zalla, sai ya shigar da ƙugu ya samu ƙasa ya dogara da ita. Saboda haka ilimin da golf ke nema ba baƙo ba ne a Ƙasar Hausa. Matsalar ita ce waɗanda jikinsu ya san shi, manoma da masu daka da ƴan kokowa, ba su ne ke zuwa filin golf ba, waɗanda ke zuwa kuwa, manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis da hafsoshi, kujera da mota sun daɗe da ƙwace musu shi.

A nan ne bayanin ciwon kawu yake. Ƙashin bayan mutum ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Ɓangaren da haƙarƙari ke jingine da shi yana da gaɓoɓi 12, kuma an halicce shi da damar juyawa. Ɓangaren ƙasa, wato wajen kwankwaso, gaɓoɓi biyar ne masu kauri, aikinsu ɗaukar nauyi da sunkuyawa da miƙewa, juyawarsu gaba ɗaya kuwa ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 ba. To amma cikakken bugu yana son kafaɗu su juya kusan digiri 90, ƙugu kuma kusan 45. Wannan juyi dole ya fito daga mahaɗar cinya da kwatangwalo, da kuma bayan ƙirji. Idan zaman kujera ya sandarar da waɗannan wurare biyu, jiki ba ya fasa bugun, sai ya karɓi rancen juyin daga kwankwaso, wanda ba shi da shi. An yi kiyasi a wani bincike cewa matsin da ke sauka a ƙasan ƙashin baya lokacin bugu yakan kai kusan ninki takwas na nauyin mutum, ga kuma murɗawa da karkacewa gefe a lokaci guda. Shi ya sa ciwon baya ya fi kowane rauni yawa a tsakanin masu golf, ƙwararru da masu sha'awa baki ɗaya. Sau da yawa inda ke ciwo ba nan laifin yake ba, kwankwaso yana biyan bashin da ƙugu da bayan ƙirji suka ci ne.

Mutum yana iya gwada kansa a tsakar gida ba tare da wata na'ura ba. Ya zauna a bakin kujera, ya haɗe gwiwoyi, ya gicciya sanda ko muciya a ƙirji, ya juya dama da hagu ba tare da gwiwoyin sun motsa ba. Idan bai kai rabin kusurwa ba, wato digiri 45, to bayan ƙirjinsa ya ƙage. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya ya rufe ido ya ga ko zai ƙirga goma sha biyar bai dafa komai ba. Ya tsugunna har ƙasa, dugadugansa ba su ɗaga ba. Wannan gwaji na ƙarshe yana ba Turawa masu golf wahala ƙwarai, mu kuwa da muka tashi a kan tabarma muna da gado a cikinsa, sai dai gado ne mai zubewa idan aka yi shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Haka nan wanda ya iya yin ruku'u yadda malamai ke koyarwa, baya a shimfiɗe, lanƙwasar daga ƙugu take ba daga tsakiyar baya ba, ya riga ya san tsayuwar da ake yi a gaban ƙwallo, sai dai ita ba ta kai ruku'u zurfi ba.

Sassaucin gaɓoɓi kaɗai ba ya wadatarwa, sai da ƙarfi, kuma duniyar golf ta daɗe tana gardama a kan wannan. A da ana gargaɗin ƴan wasa cewa ɗaga ƙarfe zai ɗaure musu tsoka ya ɓata musu bugu. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1935, gajere ne marar jiki, ya yi kunnen uwar shegu da wannan gargaɗi tun a shekarun 1950, aka yi ta yi masa dariya, ya kuwa lashe manyan gasa tara. Amma Tiger Woods ne ya rufe bakin masu gardama, bayan da ya ci gasar Masters ta 1997 yana da shekara 21 da ratar bugu 12 (a golf mai ƙarancin bugu ne ke yin nasara), ya kuma mai da ɗakin motsa jiki wani sashe na aikinsa na kullum. Annika Sörenstam ta Suwidin ta bi irin wannan hanya a ɓangaren mata, ta ƙara wa bugunta nisa, ta gama zagaye, wato ramuka 18, da bugu 59 kacal a 2001, abin da babu macen da ta taɓa yi a babbar gasar mata kafin ita. A 1980 matsakaicin nisan bugun farko a babbar gasar maza ta Amurka yadi 257 ne, kimanin mita 235, a ƴan shekarun nan kuwa yana wajen yadi 300, kimanin mita 274. Adalci dai shi ne a faɗi cewa ba jiki kaɗai ya kawo wannan ƙari ba, domin an canza ƙwallo, an kuma koma sanduna masu manyan kawuna na ƙarfe marar nauyi. Duk da haka lissafin a fili yake: ƙarin gudun kilomita 10 a awa a kan sanda yana ƙara wa ƙwallo wajen mita 14, idan an same ta a tsakiya.

Sai dai wannan labari yana da baya, kuma a ganina bayan ne ya fi amfani ga irinmu. Tiger ya ci gasar US Open ta 2008 da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa da tsagewar ƙashin ƙauri, daga 2014 kuma aka shiga yi masa aiki a baya ɗaya bayan ɗaya, har a 2017 likitoci suka manne masa gaɓoɓin ƙasan baya wuri guda. Ya dawo ya ci Masters a 2019, abin da ya ba duniya mamaki, amma ba kowa ke da likitocinsa ba. Bryson DeChambeau ya ƙara wa jikinsa kusan kilo 20 da gangan, ya ci US Open ta 2020 da ratar bugu shida, daga baya ya sha fama da rauni har aka yi masa aiki a hannu a 2022, ya sauke yawancin nauyin, ya sake cin gasar a 2024 da jiki mafi sauƙi. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Alhajin da ya haura hamsin, mai wasa sau biyu a wata, ba shi da abin koyi a cikin neman kaurin ƙirji. Abin da yake buƙata shi ne ƙarfin da zai kare gaɓoɓinsa, sannan ya ba shi ɗan ƙarin gudu.

Irin wannan ƙarfi yana zaune a mazaunai da cinyoyi da tsokar da ta kewaye ciki da baya kamar ɗamara, kuma ana iya gina shi da abin da ke cikin gida. Bido mai lita 25 idan ya cika ruwa kilo 25 ne, ana iya farawa da rabinsa. A ajiye shi tsakanin ƙafafu, a tura ƙugu baya, a ɗaga shi da baya a miƙe, sau takwas zuwa goma, a huta, a maimaita sau uku. A rungume shi a ƙirji a tsugunna a tashi. Wanda na fi so shi ne a ɗauke shi a hannu ɗaya a yi tafiya da shi taku talatin ba tare da an karkace ba, sannan a sauya hannu, domin wannan yana koya wa ɗamarar ciki ta ƙi lanƙwasa, kuma babban aikinta ke nan a lokacin bugu: ta riƙe kwankwaso cik yayin da sama da ƙasa ke juyawa. Robar cikin tayar moto, idan aka ɗaure ta a ƙarfen taga ko a jikin bedi, tana isa a yi jan da ke ƙarfafa allon kafaɗa, tana kuma isa a tsaya a gefe a miƙa hannaye gaba ana hana ta juya mutum. Bayan wata ɗaya ko biyu, idan jiki ya karɓa, sai a shigo da sauri, a cika ƙaramin buhu da yashi kilo biyu ko uku, a riƙa wurga shi gefe da bango daga ƙugu, sau biyar ko shida kawai amma da iyakar zafin nama. Lallai a yi ta ɓangarorin biyu, domin golf wasa ne mai cin gefe ɗaya, kuma jikin da ke juyawa hagu sau ɗari a mako bai taɓa juyawa dama ba, wata rana zai kawo ƙara. Kwana biyu a mako sun isa, wanda ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga kowane baligi, wato ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako da motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300. Tafiyar sassarfa bayan asuba tana biyan wannan na biyun.

Akwai wani rauni da ya fi damun mutanen yankinmu saboda yanayin ƙasa. Da rani filayen wannan shiyya sukan bushe su yi tauri kamar daɓe, kuma duk lokacin da sanda ta daki ƙasa kafin ƙwallo, girgizar tana hawa ta wuyan hannu ta sauka a gwiwar hannu. Maimaita haka sau ɗari a wajen koyo shi ke kawo zafin nan da ke hana mutum ɗaga ko buta. Maganin rigakafinsa rage yawan bugu a rana ɗaya, sassauta riƙo, da ƙarfafa tsintsiyar hannu ta hanyar murɗa jiƙaƙƙen tawul ko matsa yashi a bokiti.

Ɗumama jiki kuwa minti goma ne da mutane suka fi rainawa. Ba a son dogon miƙa a tsaye wuri ɗaya dab da wasa, domin yana iya rage wa tsoka zafin nama na ɗan lokaci, irin wannan miƙar ta fi dacewa da bayan wasa ko da dare. Abin da ake so shi ne motsi, a yi sassarfa har jiki ya ɗau ɗumi, a lila ƙafa gaba da baya, a juya ƙirji da sanda a kafaɗa, sannan a fara bugu da gajeriyar sanda da rabin ƙarfi, a hau a hankali har a kai doguwar. Wanda ya taso daga doguwar tafiyar mota, ko Kano ce ko Yamai mai nisan fiye da kilomita 600, ya ninka wannan lokaci, in da hali ma ya kwana kafin ya shiga fili.

Littattafan horon golf galibi a ƙasashen sanyi aka rubuta su, shi ya sa sukan wuce batun zafi da sauri, mu kuwa ba mu da wannan dama. A gasar US Open ta 1964, kusa da birnin Washintan, an buga zagaye biyu a rana ta ƙarshe cikin zafin da ya kusa digiri 38. Ken Venturi ya galabaita har likita ya gargaɗe shi cewa ci gaba zai iya zama ajalinsa, ya ƙi tsayawa, ya ci gasar yana tangaɗi, kuma daga shekarar da ta biyo baya aka daina tsara zagaye biyu a rana ɗaya a wannan gasa. Zafin da ya kusa kashe Venturi, a Maraɗi cikin Afrilu da Mayu sauƙi ne, domin ma'auni yakan haura 40. A irin wannan yanayi mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa, kuma da zarar ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 75, natsuwarsa da saitinsa sun fara raguwa tun kafin ya ankara. Hunturu ma yana da nasa yaudarar, domin busasshiyar iska tana shanye gumin kafin a gan shi, mutum ya zaci bai rasa komai ba. Dabarar ita ce a sha ruwa kaɗan-kaɗan a kowane rami ba sai an ji ƙishirwa ba, a haɗa da ɗan gishiri da sukari idan ana gumi sosai, a kuma duba launin fitsari, idan ya yi duhu to ana bin jiki bashi. Jiri, ciwon kai mai tsanani, amai ko ruɗewar magana, alamu ne na a daina wasa nan take, a shiga inuwa, a jiƙa jiki, a nemi asibiti. Da azumi kuwa, hikima ita ce a taƙaita ga ramuka tara bayan la'asar, a bar atisayen ƙarfi sai bayan buɗe baki.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani, domin abin da ake nema yana kasuwa. Fura da nono ko kunu sa'o'i biyu kafin wasa sun fi tuwo mai nauyi, dabino da gujiya a aljihu suna hana ƙarfi faɗuwa a tsakiyar fili, wake da ƙwai da ƙuli-ƙuli da kilishi kuma suna ba tsoka abin gyara kanta bayan atisaye. Abin da zan yi kashedi a kansa shi ne ƙwayar kashe ciwo, musamman tramol, wadda wasu ke haɗiya don su iya ƙarasa wasa. Ba ta warkar da komai, tana rufe bakin mai kawo rahoto ne kawai, tana kuma kama mutum, kuma tun daga farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

Wanda ya kula da jikinsa, golf yakan daɗe tare da shi fiye da yawancin wasanni. Tom Watson yana da shekara 59, watanni tara bayan an sauya masa mahaɗar ƙugu, saura ƙiris ya ci gasar Open ta 2009 a Sikotilan, sai a wasan raba gardama ya faɗi, Phil Mickelson kuma ya ci gasar PGA ta 2021 yana da shekara 50, ya zama mafi tsufa da ya taɓa cin babbar gasa. Wani bincike da aka yi a cibiyar Karolinska ta Suwidin a kan masu golf kimanin 300,000, wanda ya fito a 2008, ya samu cewa yawan mace-mace a cikinsu ya gaza na sauran jama'a da kashi 40 cikin ɗari. Ina karanta wannan adadi da taka-tsantsan, domin alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa wasan ne kaɗai sanadi ba, kuma a ƙasar da aka saba zagaya fili a ƙafa cikin sanyi aka yi shi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya ɗauki bido ko sanda, ciwon bayan da ke sauka ƙafa da sagewa ko kasala kuwa na asibiti ne, ba na maɗori ba.

Kawu ya yi sati shida kafin ya koma fili. Yanzu idan zai je Kano yakan tsaya a Katsina ya sauka ya taka na minti goma, ya kwana a masauki, sai da safe ya shiga wasa. Kullum bayan asuba ana ganinsa a zaure da tsohuwar muciya a gicciye a kafaɗa yana juyawa dama da hagu, jikokinsa suna kwaikwayonsa suna dariya, bidon ruwa rabin cika yana jingine a bakin ƙofa. Da na tambaye shi kwanan baya na ce, "Kawu, yaya bayan?" sai ya ce, "Baya ya yi shiru, ɗana, yanzu ƙugun hagu ne ke ƙorafi, likita ya ce shi ne dama ya kamata ya riƙa yin aikin tun farko."